Majalisar Masu Zane da 'Yan Kallo

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wata majalisa da muke zama a cikinta duk ranar Asabar bayan la'asar a nan unguwar Briketeri ta birnin Yawunde. Dalili kuwa shi ne, wasu daga cikin iyayen yaran da muke koyarwa sun sha tare mu suna tambaya, cikin ladabi dai, wai me malamin makaranta mai iyali, wanda furfura ta fara leƙo masa, yake nema a wurin masu zane-zane da masu hirar fim. Wasu ma sun ce zaman kashe wando ne kawai. To, tun da an tambaya, ya kamata a ba da amsa, kuma gara a ba da ita a rubuce kowa ya gani.

Majalisar nan ba ta da suna, ba ta da shugaba, ba ta da katin shiga. Benci biyu ne da tabarma a gefen teburin wani mai shayi, bayan layin teloli, inda hayaƙin masu tsire kan iso mu in iska ta juyo. In an cika mukan kai mutum goma sha biyu, in damina ta kankama kuwa sai a ga mutum biyar sun maƙale a ƙarƙashin rumfa. Masu zane a cikinmu huɗu ne. Akwai dattijonmu, wanda sana'arsa rubuta allunan shaguna da ƙawata jikin manyan motoci. Akwai mai zana wa teloli fasalin aikin wuyan riga. Akwai wanda ya taɓa yi wa wata jarida zanen barkwanci. Sai kuma autanmu, ɗalibin jami'a, wanda yake zanensa a kwamfuta da wayar hannu. Sauranmu duk 'yan kallo ne: tela, da direba, da mahauci, da ma'aikacin jinya, da mu malaman makaranta biyu. Abin da ya haɗa mu shi ne son labari, ko a takarda yake ko a majigi.

Wanda duk ya yi makarantar firamare a ƙasar nan kafin 1998 ya san mujallar Kouakou. A Faransa ake buga ta tun daga 1966, ana rarraba ta a makarantun ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma ita ce ta fara nuna wa da yawa daga cikinmu yaro baƙar fata a matsayin jarumin labari. Ranar da ta iso makaranta, kwafi ɗaya kan zagaya aji guda har bangonsa ya cire. Bayan ita akwai ƙananan littattafan nan na Zembla da Akim da Blek, waɗanda muke haya ko musaya a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, sai kuma Tintin da Asterix ga wanda yake da yaya a kwaleji. Mun koyi Faransanci a cikin waɗannan littattafai fiye da yadda muka koya a ƙarƙashin bulala, domin hoton yana gaya maka ma'anar kalmar tun kafin ka tambayi kowa. Sai daga baya, da muka je makarantar horon malamai, muka gane cewa abin da muke yi a ɓoye a ƙarƙashin tebur hanya ce ta koyarwa mai zaman kanta. A can ne kuma muka fahimci irin kallon raini da littafin Tintin na ƙasar Kwango, wanda ya fito a farkon shekarun 1930, ya yi wa baƙar fata, alhali muna yara dariya kawai muke yi.

Daga nan zamani ya juya. A 1993 aka rage albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, a watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, watau faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Duk littafin da ke zuwa daga waje kuɗinsa ya ninka, uban da ke neman abin da za a ci kuwa ba ya tunanin littafin zane. A 1998 Kouakou ta daina fitowa. Abin da ya rage mana a lokacin shi ne Popoli, jaridar barkwancin nan da ta fara fitowa a Duwala a 1993 a ƙarƙashin jaridar Le Messager ta marigayi Pius Njawe, wadda ta nuna mana cewa ɗan ƙasa ma yana iya zana manyan mutane ya sa talaka dariya. Gidajen silima su ma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har a watan Janairun 2009 aka rufe ukun da suka rage, watau Abbia a Yawunde, da Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam. Amma kafin nan kaset ɗin Kano ya riga ya shigo gidajenmu. Tun daga Turmin Danya na 1990 harkar ta fara, zuwa lokacin Sangaya da Wasila kuwa babu gidan Bahaushe a unguwar nan da ba a taru an kalla ba. Fatake ne ke sauko da kaset ɗin daga arewa, ta jirgin ƙasan Ngaundare, tare da yadi da turare. Haka aka yi masu son littafin zane da masu son fim suka tsinci kansu a benci ɗaya, domin duka marayu ne, wannan ya rasa mujallarsa, wancan ya rasa silimarsa.

Yanzu bari mu gaya muku yadda hirar ke tafiya. Ba a fara maganar zane ko fim sai an gama gaisuwa, gaisuwar kuwa takan ci rabin sa'a. Kowa sai an tambaye shi iyali, da jikin mahaifiya, da kasuwa, da yadda aka kwana da mai gidan haya. A nan ne muke jin cewa matar direbanmu ta sauka lafiya, an sami 'ya mace, suna ranar Alhamis. A nan muke jin cewa tela ya sayi sabon keken surfani bashi, yana biya duk wata. A nan autanmu ke ba da labarin ya faɗi darasi ɗaya a jami'a, bai gaya wa mahaifinsa ba tukuna, sai dattijonmu ya ce masa, "Yaro, ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a bakin wani." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Waɗanda suka bar gari ma ba su fita daga majalisar ba. Akwai namu da ya koma Garwa, akwai wanda neman abinci ya kai shi Libarabil ta ƙasar Gabon. Sukan aiko da saƙon murya, a ɗora wayar a kan teburin mai shayi kowa ya ji, a amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Sai an gama wannan ne masu zane ke buɗe jakunkunansu. Takarda takan bi hannu hannu, kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da jin nauyi ba. Mahaucinmu bai taɓa riƙe fensir don zane ba, amma shi ne ya taɓa duba wani hoto ya ce ƙafar sa ba ta lanƙwasa haka, mai zanen ya koma ya gyara. Telanmu kuma ba ya barin a zana babbar riga ba tare da an nuna inda aljihu yake da yadda ake naɗe hannunta a kafaɗa ba. Mai zane yana zaune shi kaɗai da takardarsa mako guda cur, idonsa ya saba da kuskurensa har ya daina ganinsa. Idon ɗan kallo ne ke nuna masa.

Daga nan sai gardama ta ɓarke, wadda ba ta taɓa ƙarewa ba, ba kuma a so ta ƙare. Manyan cikinmu 'yan Indiya ne, ba su yarda an taɓa yin fim kamar Sholay na 1975 ba. Matsakaita suna bayan Kano, suna bin dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka fara fitowa a 2020, suna faɗa a kan wanda ya kamata ya auri wa kamar 'yan'uwansu ne na jini. Samari kuwa sun tafi Japan, ba su da magana sai ta Naruto da One Piece. Amma in mutuwa ta zo, sai duk ɓangarorin su haɗu. Da Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disambar 2014, a majalisar nan aka yi wa juna ta'aziyya kamar maƙwabci ne. Haka aka yi a watan Afrilun 2024 da labarin rasuwar Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ya iso. Wata guda kafin nan, da Akira Toriyama mai Dragon Ball ya mutu yana da shekara 68, dattijonmu da bai taɓa buɗe littafin Japan ba sai da ya dafa kafaɗar autanmu ya ba shi haƙuri, ya ce ai ɗan sana'a ne ya tafi.

Kada mai karatu ya zaci wannan ɗabi'a tamu ce mu kaɗai. Duk inda ake zana labari, masu zane da masu karatunsu suna da wurin da suke taɓa hira. A Japan akwai mujallar mako-mako mai suna Shonen Jump, wadda aka kafa a 1968, inda Dragon Ball da Naruto da One Piece duk suka fara fitowa. A shafin da ake jera abubuwan da ke cikinta, kowane mai zane yakan rubuta layi ɗaya ko biyu a kan halin da yake ciki, ko abin da ya ci, ko fim ɗin da ya kalla, ko mura da ta kama shi. Masu karatu da yawa daga wannan shafi suke farawa. Eiichiro Oda mai One Piece, wanda ya fara labarinsa tun 1997, ya keɓe shafuka a cikin littattafansa yana amsa tambayoyin masu karatu, har da na wasa da dariya. A Amurka kuma, a shekarun 1960, Stan Lee na kamfanin Marvel ya buɗe shafin da yake ba da labarin ma'aikatansa, wane ya yi aure, wane ya sami ƙaruwa, har yaro mai karatu ya riƙa jin kamar ya san su ido da ido. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Wanda ya taso yana sauraron Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna ya san mutane da sunayensu da garuruwansu ba tare da ya taɓa ganinsu ba, kuma mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta sa 'yan kallo sun san auren 'yan wasa da haihuwarsu da rashin lafiyarsu.

Akwai misalai biyu da muke yawan kawowa in an ce hira ba ta da amfani. Na farko wani tsohon gidan haya ne a birnin Tokiyo mai suna Tokiwa-so, mai ƙananan ɗakuna da madafa ɗaya ta kowa da kowa. Osamu Tezuka, wanda Japanawa suka ɗauka uban wannan sana'a, ya zauna a ciki a 1953, da zai tashi kuma ya bar ɗakinsa da kuɗin ajiyar da ya biya ga wasu samari biyu masu sa hannu da sunan Fujiko Fujio. Ɗayansu ne daga baya ya ƙirƙiro Doraemon. Samari masu zane suka yi ta taruwa a gidan, suna ci tare, suna hira har dare, in lokacin miƙa aiki ya ƙure wa ɗaya sauran su kama masa. Da talauci ya sa Fujio Akatsuka ya yi niyyar barin sana'ar, babbansu a gidan ne ya ranta masa kuɗi ya ce ya ƙara haƙuri, daga baya kuwa ya zama sarkin barkwanci a ƙasar. An rushe gidan a 1982, amma saboda darajar abin da ya fito daga cikinsa aka sake gina irinsa a matsayin gidan tarihi a 2020.

Misali na biyu ya fi ban tausayi. Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da haƙƙinsa a 1938 a kan dalar Amurka 130. Kamfani ya yi ta kwasar dukiya, su kuwa suka tsufa cikin rashi, an cire sunayensu daga littattafan, Shuster kuma idonsa ya kusa mutuwa. A 1975, da aka fara shirin babban fim, labarin halin da suke ciki ya bazu a tsakanin 'yan sana'a. Masu zane biyu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka ɗauki maganar suka kai ta jaridu da talabijin, har kamfanin ya amince zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara muddin ransa, a kuma mayar da sunayensu. Kafin a kai ga wannan, sai da wani ya tambaya, "Ina wane yake, yaya jikinsa?"

Irin wannan tambaya ta yi mana rana a nan gida. Bara, wanda ya taɓa yi wa jarida zane ya ɗauke ƙafa mako uku ba a gan shi ba, waya kuma a kashe. Zumunci a ƙafa yake, sai mutum uku daga cikinmu suka tafi gidansa. Suka tarar ashe abu biyu ne suka haɗu masa. Wata ƙungiya ta ba shi aikin zana ɗan littafin wayar da kai a kan tsabtar ruwan sha, ya yi wata biyu yana yi, ya miƙa ainihin takardun, aka buga, aka rarraba, ba sunansa a jiki, kuɗin kuma kullum sai a ce ya dawo mako mai zuwa. Ga shi ba a rubuta komai tsakaninsu ba. Sannan idonsa ya fara yi masa hazo, ya kasa gaya wa kowa, domin mai zane ya ce idonsa ya raunana kamar direba ne ya ce ba ya ganin hanya. Har ya fara neman babur ɗin haya. Ma'aikacin jinyarmu ya raka shi wurin likitan ido, aka ce tabarau kawai yake bukata. Majalisa ta yi karo-karo aka saya. Mu malamai biyu muka zauna muka rubuta wa ƙungiyar takarda da Faransanci mai kyau, muka lissafa ranakun da ya je da aikin da ya yi, aka kai hannu da hannu. Sun biya wani ɓangare, saura har yau shiru. Amma mutumin ya dawo kan teburinsa.

Tun daga ranar majalisa ta kafa wa masu zanenta ƙa'idoji huɗu, kuma muna ba duk wani ɗanmu mai wannan sana'a shawarar ya riƙe su. Kada a fara aiki sai an rubuta yarjejeniya, ko da rabin shafi ce, kowa ya sa hannu. A karɓi rabin kuɗi kafin a ɗora fensir a takarda. A miƙa kwafi, ainihin zanen ya zauna a hannun mai shi. A kuma sa suna a cikin hoton, inda in an yanke shi hoton zai ɓaci. Ban da wannan, yanzu masu zanenmu suna gaya wa juna nawa aka biya su a kowane aiki, abin da a da kowa ke ɓoyewa. Mai ba da aiki yana jin daɗin mai zanen da bai san farashin ɗan'uwansa ba.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan damunmu, kuma shi ne ainihin abin da ya zaunar da mu malamai a wannan benci. Duk masu zanenmu huɗu Hausawa ne, da Hausa suke mafarki, da Hausa suke faɗa da matansu, amma in sun zo rubuta maganar mutanen da suka zana, sai su rubuta da Faransanci. In an tambaye su sai su ce wa zai saya, wa zai iya karantawa. Kuma suna da hujja. 'Ya'yanmu a nan kudu suna jin Hausa a gida, suna yinta a gauraye da Faransanci, amma kaɗan ne cikinsu za su iya karanta layi ɗaya nata a boko. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda takwarorinsu na Kano da Zariya suka tashi da su, yawancinsu ko sunan ba su taɓa ji ba. Tsarin mulkin ƙasa na 1996 ya yi alkawarin kare harsunan gida da bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ma ta ambaci haka, amma doka ba ta sa littafi a hannun yaro. Harshen da ba a karanta shi kuwa, a baƙon wuri, jika ne ke fara sakinsa.

Mun gwada wani ɗan abu da yaran unguwa a ranar Laraba da rana, lokacin da ba makaranta. Autanmu ya zana mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a gida huɗu a kan takarda ɗaya, muka rubuta maganarsu da Hausa a cikin 'yan da'irorin nan da ke fitowa daga baki, muka buga kwafi ashirin. Da farko yaran suka yi ta karanta harafin c da u da lafazin Faransanci, suna tuntuɓe a kan ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa, waɗanda ba su taɓa gani ba. Amma da yake sun ga fuskar Gizo, sun kuma san halinsa tun daga bakin kakanninsu, sai suka riƙa cankar kalmar daga hoton, su koma su dubi yadda aka rubuta ta. Wata yarinya ta karanta layin farko daidai, ta ɗago kai tana dariya ta ce, "Malam, ashe ana rubuta ta!" Kafin la'asar kowa ya karanta shafin, wasu suka roƙi a ba su su kai wa iyayensu mata. Hanyar da Kouakou ta bi ta cusa mana Faransanci, ita ce dai za ta iya mayar wa yaranmu da Hausa.

Wasu sun riga mu yin irin wannan da kayan gidansu. A Fumban, tun zamanin mulkin mallaka, Ibrahim Njoya na fadar Sarki Njoya ya zana sarakunan Bamun da tatsuniyoyinsu, ya rubuta bayani da haruffan da sarkin ya ƙirƙiro, har masana suna lissafa shi cikin magabatan wannan sana'a a Afirka. Marguerite Abouet 'yar Kodebuwa ta ɗauki rayuwar unguwarsu ta Yopougon a Abijan, da tsegumin maƙwabta da rigimar aure, ita da mai zane Clément Oubrerie suka fitar da Aya a 2005, littafin ya ci kyauta a bikin Angulem na Faransa a 2006, aka mai da shi fim a 2013. 'Yar ƙasarmu Elyon's ta buga labarinta na Ebène Duta da kuɗin da masu karatu suka tara mata, akwai kuma bikin Mboa BD, inda masu zanen ƙasar nan ke baje aikinsu a Duwala da Yawunde. A Nijeriya, Roye Okupe ya gina Iyanu a kan al'adun Yarabawa, har aka fara nuna shi a talabijin a Amurka a 2025, Mustapha Bulama kuma ya yi suna da zanen siyasa a jaridar Daily Trust. Idan unguwar Yopougon ta isa littafi, Briketeri ma ta isa, da telolinta da masu tsirenta da fataken da ke sauka daga arewa.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai dattawan da ke ƙyamar zana abu mai rai saboda dalilin addini, kuma mun ji maganarsu da girmamawa. Wannan fage ne na malamai, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. A cikinmu ma mai zanen wuyan riga ba ya zana mutum ko dabba, iyakarsa fure da ƙulli da haruffa, kuma shi ne zai rubuta mana maganganun da hannu ya ƙawata bangon littafi, domin duk majalisar babu mai kyawun rubutunsa. Bambancin bai taɓa raba mu shan shayi ba.

Abin da ya rage mana gyara shi ne rashin mata. A cikin yaran da muke koyarwa, wadda ta fi kowa hannu yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, mahaifiyarta mai ƙunshi ce, a wurinta ta koyi jan layi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Ba za ta zo ta zauna a teburin mai shayi ba, ba ma so ta zo. Amma tana bukatar inda za a duba aikinta a ce mata nan ya yi, nan bai yi ba. Iyayenmu mata da ke da ƙungiyoyin adashe da na biki, su ne suka fi kowa sanin labarin fim da iya ba da tatsuniya. Muna roƙonsu su buɗe wa irin waɗannan yara fili a cikin zamansu, ko da sau ɗaya ne a wata.

A namu ɓangaren, mun fara adashe na musamman, kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa duk Asabar a hannun mai shayi. Niyyarmu ita ce mu buga ɗan littafi mai shafi 16, baƙi da fari, Hausa a cikin hoto, fassarar Faransanci a ƙasan shafi saboda maƙwabtanmu da kuma yaran da ba su ƙware ba. An gama zana shafi shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa na Duwala da Ngaundare da Garwa da Marwa da Bamenda da Fumban, in akwai mai zane a unguwarku, ko tsoho mai tatsuniya, ko wanda ya ajiye tsofaffin mujallun Kouakou ko Fim a ƙarƙashin gado, ku rubuto ta ofishin wannan mujalla ku sanar da mu. Ku haɗa da labarin lafiyarku da ta iyali, domin da shi muke fara karanta kowace wasiƙa. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana cika bayan littafinsa da zane, kafin ku ɗauki bulala ku tambaye shi labarin da yake son bayarwa, ku ce ya rubuta muku maganar da Hausa.

Muna taya direbanmu murnar ƙaruwar da aka samu, Allah ya raya. Muna yi wa autanmu fatan nasara a jarrabawar da zai sake. Na Garwa da na Libarabil, saƙonku ya iso, kowa yana gaishe ku. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.